Ko Dogo Ya Fito

Litinin, 3 ga Maris
Na gaya wa ɗalibaina Baba zai zo ranar Alhamis ya ba su labarin gobarar masaƙa, kamar yadda yake zuwa duk shekara. Littafin tarihinmu layi biyu ya ba gobarar, Baba kuwa yana ciki aka yi ta. Na sake nanata musu dokata: ku saurara, ku tambaya, ku gwada da wata shaidar, kada ku haɗiye magana don mai ita yana da furfura.

Yaya ta ce in bar shi ya huta bana, wai jiya a cikin tukunya ta tsinci tabaransa. Na ce tsufa ne kawai. Ita Yaya komai sai ta kai shi asibiti.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban san ta inda zan fara ba.

Ya fara lafiya lau. Ƙarar injuna, ƙurar auduga a hanci, yadda hayaƙi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Yara sun yi tsit. Ya kai inda shi ya tsira, abokinsa Dogo ya koma ciki don ya buɗe wa mata ƙofar baya. A nan kullum yake cewa Allah ya jiƙan Dogo, ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Yau sai ya tsaya yana kallon ƙofar aji.

'Yar Jarida, yarinyar nan da ba ta barin tambaya ta kwana, ta ɗaga hannu. Wai a muryar da na ɗauka bara ya ce ta taga ya fita, yau ya ce ta ƙofa, wanne ne? Ba laifinta ba ne. Ni na koya mata.

Bai ma ji ta ba. Ni ya juyo ya kalla.

"Malama, don Allah a duba mini, Dogo ya fito?"

Malama. Ni da ya yi ta ɗauka a kafaɗa.

Bakina ya riga hankalina. Na ce ai Dogo ya rasu a gobarar, Baba. Ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka a gaban yara, kamar yanzu aka kawo masa labarin.

Juma'a, 7 ga Maris
Ban je makaranta ba. Na ce ciwon kai.

Lahadi, 9 ga Maris
Ya sake tambayar Dogo muna cin abinci. Na gaya masa gaskiya, a hankali wannan karon. Kukan dai shi ne, ya ture kwanon. Yaya ta ja ni kicin, ta ce sau nawa zan kashe masa Dogo kafin hankalina ya kwanta? Na ce ba zan yi wa ubana ƙarya ba, da wane bakin zan koma aji? Ta ce nan gida ne.

Laraba, 12 ga Maris
Ina duba aikin yara. 'Yar Jarida ta rubuta cewa mai shaida ya saɓa wa kansa, ba za a dogara da shi ba sai an sami wani. Daidai ne, kalma bayan kalma. Na ba ta maki mafi yawa. Bayan an tashi ta zo tana murza gefen littafi, tana tambayar jikin Baba. Na ce da sauƙi.

Talata, 18 ga Maris
Mun kai Baba asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, gaba zai yi ta yi, ba baya ba. Da muka dawo na kunna muryar bara a waya. Garau. Har yana ce wa yara in malamarsu ta matsa musu su kawo masa ƙara, shi ya haife ta. Ban iya kaiwa ƙarshe ba. Wallahi ina kewarsa, ga shi kuwa a ɗaki na kusa yana tari.

Asabar, 22 ga Maris
Ina yanke masa farce a baranda ya tambaya. Ban ɗago ba.

"Ya fito, Baba. Yana gida."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, dama ya san Dogo da saurin ƙafa. Har da dariya. Yaya tana bakin ƙofa, ban kalle ta ba.

Sau ɗaya ne dai, don ya bari in gama farcen.

Ya ce gobe in raka shi su gaisa. Na ce to.