Yaya Sabo Ya Ce Girin Kad Zai Kai Shi Portugal

Anti Rabi, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ina zaune a Greenbelt, nan Amurka, da maigidana Fatihu. Ɗanmu Nasir ya samu matar aure, sunanta Linda, 'yar Portugal ce, sun haɗu a wurin aiki a Beltsville. Yarinya mai hankali, wallahi ta fi wasu namu iya gaisuwa. Iyayenta suna birnin Porto, kuma sun ce mu je su gan mu nan da wata biyu. Kin san al'ada, uba ba ya nema wa ɗansa aure da bakinsa. Surukina ya rasu, don haka magana ta koma hannun yayan maigidana, Yaya Sabo na Silver Spring.

Anti, ban taɓa ganin mutum mai ji da kansa irin wannan bawan Allah ba. Shekara ashirin yana Amurka, abin da ya tsinta bai wuce cika baki da sanin inda ake cunkoson motoci a babban titin Beltway ba, amma in yana magana sai ki rantse shi ya shata taswirar duniya. Da aka ce masa Portugal, sai ya taɓe baki, wai ai ƙauyen Spain ce. Har ya fara haddace gaisuwar Sifaniyanci da ya tsinta wurin masu gyara masa mota, wai da ita zai burge surukai. Ya ce ba zai canji kuɗi ba, dala ko a lahira ana karɓarta. Ya sa an aiko masa kilishi daga Kano, ƙunshi guda kamar za a buɗe shago, ga goro, wai tsarabar neman aure.

Duk wannan da sauƙi. Babban abin shi ne biza. Mu muna da fasfon Amurka, shi kuwa har yau na Najeriya yake riƙe da shi, sai katin zama, girin kad. Ya buga ƙirji a falona, yana cin tuwona, ya ce wanda Amurka ta ba kati babu ƙasar Turai da za ta tambaye shi biza. Na san ba haka ba ne, domin ƙawata ta taɓa kwasar kunyar nan a filin jirgi. Na ɗan gyara murya zan yi magana, sai ya ɗaga mini hannu, ko kallona bai yi ba, ya ce wannan zancen maza ne. A gidana fa! Fatihu kuwa, likita guda, in yayansa yana wuri sai ya koma kamar ɗan firamare, ba ya cewa komai sai to Yaya. Na same shi a ɗaki, ya ce in bari, Yaya ya fi mu sani.

Ba zan ɓoye ba, lokacin da dangi suka yi ta gunaguni wai Nasir zai auro Baturiya, Yaya Sabo ne ya tsawatar, kowa ya yi shiru. Wannan kaɗai na sani na alherinsa.

Ga abin da zuciyata ke raya mini. In ja bakina in yi gum. Mu je filin jirgin Dulles da babbar rigarsa da kilishinsa, a dubi fasfonsa a ce ya koma gida, ni kuwa in wuce ta gabansa da jakata. Wallahi har mafarkin ranar nake yi. Ni matar ƙani ce, ba hurumina ba ne in gyara wa yayan miji zance, to ba sai in tsaya a hurumin nawa ba? Ko na yi laifi?

Uwar Ango, Greenbelt

Uwar Ango, sannu da haƙuri. Na karanta wasiƙarki na yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya.

Gaskiyarki a kan biza. Ƙasashen Turai fasfo suke dubawa, girin kad na shiga Amurka ne kawai. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Schengen, ta shiga ƙasashen Turai, kafin ya taka Portugal, ko da ya shekara hamsin a Silver Spring, kuma tun a nan kamfanin jirgi zai hana shi hawa. Neman yana cin makonni, samun ranar ganawa ma wani aiki ne, ga inshorar lafiya ta tafiya da za a tambaya. A duba fasfon nasa kuma, dole ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa. Wata biyu ba lokaci ba ne mai yawa, a fara cikin makon nan. Ku masu fasfon Amurka ba ku buƙatar biza don gajeriyar ziyara, amma ku leƙa shafin ofishin jakadancin Portugal ko an ƙara wani sharaɗi.

Kilishi kuwa, ku cinye abinku a Greenbelt. Ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje, kwastam za su karɓe, wataƙila har da tara. Ɗanyen goro ma yana iya jawo tambaya, a bincika tukuna. Ku riƙe turmin atamfa, hula mai kyau, ko jakar fata aikin Kano. Kuɗinsu yuro ne, mai shayi a Porto ba ruwansa da dala. Harshensu Fotugis, kuma ba sa jin daɗin a ɗauke su 'yan Spain, gara Linda ta koya masa gaisuwa biyu da na gode a harshen iyayenta. Ku gaya mata tun yanzu ta sanar da gida ba ku cin alade ba ku shan giya, domin alade yana shiga girkinsu da yawa, amma kifi sai kun ture. Ba sa cin abincin dare da wuri, kada Yaya ya ɗauka rowa ce. Soket ɗinsu na lantarki daban ne, ku sayi mahaɗin caja. Porto kuma gari ne na hawa da gangara, titunan dutse, ki ajiye takalmi mai tsini.

Yanzu ke. Yaya Sabo ya yi wauta, kuma ɗaga miki hannu a falonki rashin ta-ido ne, ban wanke shi ba. Fatihu ma ya ba ni kunya, mutum yana duba marasa lafiya amma ya kasa duba shafin biza. Sai dai shirin naki ya fi nasu muni, domin su ba su sani ba, ke kin sani. Wannan kunyar ta matar ƙani da kika tuno yau, ina take lokacin da kike zayyana mini shi tun daga hula har takalmi? Ba kunya ba ce, ramuwa ce kika ɗaura wa ɗankwali. Kuma mutumin da kike son a wulaƙanta, shi ne ya tsaya wa ɗanki ranar da dangi suka juya masa baya.

Ba sai kin gyara masa zance ba. Mai neman biza don ziyara yana buƙatar takardar gayyata daga mai masaukinsa. Ki sa Nasir ya roƙi mahaifin Linda ya aiko da ita da sunan Yaya Sabo, a matsayin jagoran tawaga kuma uban ango. Fatihu ya kai masa har gida, ya ce surukai sun karrama shi, saura a kai takardar ofishin biza. Mutum mai son girma irin wanda kika kwatanta, da kansa zai saka babbar riga ya je layi, har ya riƙa ba da labari. In ya ce dama ya sani, ki ce haka ne Yaya, ki ƙara masa miya.

In kuwa kika yi shiru, za ki samu abin da kike mafarki, na minti biyar a Dulles. Daga nan jirgi zai sauka Porto, mahaifin Linda zai miƙo hannu yana neman baffan da aka ce zai zo, Fatihu ba zai iya buɗe baki ya nema wa ɗansa aure ba, Nasir kuma zai juyo ya dube ki. Zai gane kin sani kika ƙi faɗa.

Ɗauki waya ki kira ɗanki yau. Allah ya kai ku lafiya, ya sanya albarka a auren, ya kuma sanyaya miki zuciya.

Anti Rabi