Hannun Sirajo

Ƙofar Kware, Sakkwato

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Tun da aka katse layin waya a wajenku saboda ɓarayin daji ban ji muryarki ba, shi ya sa na ba Arzika direba wannan takarda.

Maganar ɗanki Sirajo ce. Ya shiga ƙungiyar 'yan sintirin Gidan Igwai ba da shawarata ba. Da safe yana shagonsa na gyaran waya, daga Azahar sai ya sa koren kaya, ya ɗauki gora, ya tsaya bakin titi. Kin san gidanmu, daga malami sai alƙali. Na tanadar masa aji a islamiyyarmu, ya ce in ƙara masa lokaci. Ranar Juma'a wani ya tambaye ni a masallaci ko da gaske ɗana ya zama ɗan banga, na rasa abin cewa.

Ke kika rene shi, maganarki yake ji. Ki rubuto masa ya bari. Mu dai lafiya muke, zogalen tsakar gida ma ya yi kyau bana.

Ƙanenki,
Junaidu

Tungar Rini

Malam ƙanena,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lahiya, mun gode Allah. Gero ya nuna, mun hwara yanka.

Ni ba ni rubuta ma Sirajo shi bari. Ka ji ni da kyau. Geron ga da nika gaya maka, ba mu yanka shi sai ɗiyan gari sun tsaya bakin gona suna duba hanya. Mata ba su zuwa itace sai da su. Ɗiyan ga ba kowa na ba garin nan, wani mahauci na, wani ɗan maƙera, da can ko tabarma ba a ba su wurin suna. Yanzu in sunka wuce, tsohhi ka tashi su sa musu albarka.

Ku can birni kuna kwana da ƙohwa rufe, kun manta wani ka tsaron ta. Wanda ya tambaye ka masallaci, mi ya hana ka ce mai e, ɗana na?

Abu guda nika tsoro, kada gora ta sa mai girman kai shi riƙa bugun bayin Allah. Mun ga masu yin haka nan ma. Wannan za ka sa ma ido, ba kalar rigatai ba. Ga kuka da daddawa nan wurin Arzika, ka ba matarka Maimunatu.

Yayarka,
Balaraba

Ƙofar Kware, Sakkwato

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Na jinkirta amsa, don takardarki ta ɗan sosa mini rai. Yanzu kuma ga dalilin rubutu. Kada hankalinki ya tashi, Sirajo ya karye a hannun dama, amma an ɗora, yana gida yana cin tuwo da hagu.

A gabana aka yi. Ranar Talata bayan Azahar ina cikin keke napep zan je ta'aziyya, sai muka tarar hanya ta cushe a Gidan Igwai. Wani baƙauye, Mode sunansa, ya sayi burodi buhu guda da katan na lemo yana jiran mota. Sai wani ya ɗaga murya cewa ga mai kai wa ɓarayin daji abinci. Kafin mutumin ya buɗe baki an kai shi ƙasa. Na ga wani ya ɗauko tsohuwar taya, wani na neman fetur. Na sauko ina cewa ku ji tsoron Allah, amma ko na kusa da ni bai ji ni ba.

Sai ga Sirajo da abokan aikinsa sun ratso taron. Na zaci zai ɗaga gora. Jefar da ita ya yi, ya kwanta a kan mutumin, ya rufe masa kai da ƙirjinsa. Katakon da aka kai wa Mode shi ya sauka a hannunsa. Bai tashi ba. Daga nan ƙasa ya ce, "Alhaji Gazali, ka san ni, ka san ubana. In mai laifi ne, hukuma na nan. In ba shi ba ne, me za ka gaya wa Allah?" Alhaji Gazali mai shagon taya ne, shi ke gaba-gaba. Ya tsaya yana huci, can ya juya ya ce wa jama'a a dakata. Sauran 'yan sintirin suka riƙe hannun juna suka kewaye su har 'yan sanda suka zo.

Da aka bincika, matar Mode ce ta haihu, kayan suna ya zo saye. Maigarinsu da kansa ya zo ya shaide shi.

Shekaranjiya Mode ya zo gida da zabi biyu. Ya zauna a zaure yana ta kallon hannun Sirajo. Na sa aka kawo masa fura. Alhaji Gazali ma ya zo dubiya, kansa a ƙasa, Sirajo ya matsa masa a tabarma.

Ban ce ya bari ba, ban kuma ce ya ci gaba ba. Tsoro bai sake ni ba, Yaya, uwarsa ma haka. Amma barcina ya fi na da daɗi. Ki sa shi a addu'a.

Ƙanenki,
Junaidu

Ƙofar Kware, Sakkwato

Goggo,

Ina gaishe ki da kyau. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Hannu na sauƙi, mai ɗori ya ce bayan Sallah zan koma aiki.

Baba bai gaya miki wani abu ba. Ranar Alhamis ya ce in raka shi ofishinmu. Ya gai da kowa da hannu, ya zauna a benci, ya tambayi shugabanmu wa ke yi mana karatu a kan haƙƙin wanda aka kama. Aka ce babu. Ya ce to shi zai riƙa zuwa duk Alhamis. Da za mu fito wani mai shayi ya tambaye shi ko an kawo ƙara ne. Baba ya ce a'a, wurin aikin ɗansa ya zo gani.

A gai da Baffa da kowa da kowa. In an gama yankan gero ki zo ki gan ni.

Ɗanki,
Sirajo