Ka Bar Jikina Ya Gama Karkarwarsa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, aiki na tafiya, ƙarar birki ce kawai ke tsinka mini zuciya har yanzu.

Na ji ka gaya wa Inna na zare, wai wata mata ke koya mini numfashi kamar jaririya. Ƙwarai kuwa. Takan sa in kafa ƙafafuna a ƙasa, in bar jikina ya yi karkarwarsa har ya gama. Kai kuwa tun hatsarin da ya ɗauke Baba, "Daina, kina ba mu kunya" kaɗai ka iya.

Jiya na zauna a gaban mota. Kai da ka tuƙa mu ranar, shekara uku ba ka taɓa sitiyari ba. Allah Ya ba marar lafiyar cikinmu sauƙi.

Ƙanwarka