Rufin Ɗakin Inna

Lahadi, 13 Fabrairu 1966

Na dawo Tasawa daga Issawane. Idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Na tsaya gabanta da rana tsaka, sai da na yi magana ta san ni ne. Ƙanwarta Uwani ce ke riƙe da ita, kuma ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce, “Ruwan shuka na sauka zan bi mijina tunga. Ba zan iya jan makauniya cikin gona ba, Mutari. Ka zo ka ɗauki uwarka.” Ban ji haushinta ba, ta yi iyakar yinta.

Ɗaki ɗaya gare ni sai zaure. Saudatu da ɗiyanmu uku a ciki. Dole in ƙara ɗaki kafin damina. Abin da na samu a kakar gyaɗa yana nan ban taɓa ba. Ni komi ne, wato akawu, a biron sayen gyaɗa, in na kasa gina wa uwata ɗaki guda, to shekarun da na yi a lakwal ina karatun boko na mene ne.

Alhamis, 24 Fabrairu

Danda magini ya zo ya auna wurin da ƙafa, gabas da ɗakinmu. Tsoho ne, magana sai an ja ta daga bakinsa. Na tambaye shi nawa aikin zai ci duka, ya ce sai mun fara za mu sani. Ya ce bango aikin hannunsa ne. “Rufi kuwa na mutane ne, Mushe. Ranar zuba ƙasa a kai sai ka kira gayya.” Mushe suke ce mini a nan, kiran da ake yi wa ɗan boko mai aikin biro. Na ce wa Danda wannan ai shi ne mai sauƙin.

Talata, 15 Maris

Komai sai an saya. Ƙasar gidana rairayi ce, ba ta gini, sai an ɗebo ta tabki a kan jakuna. Ruwan kwaɓi sai ƴan garuwa. Har ciyawar da ake zubawa cikin kwaɓin saye nake, ciyawa fa, abin da awaki ke takawa su wuce. Bango bai wuce ƙirjina ba, abin da na ajiye ya yi rabi.

Asabar, 2 Afrilu

Sallar layya. Ban yanka ba. Ragon ya tafi wurin azara, wai daga kudu ake kawo giginyar, hanya ta yi tsada. Ƙadri, maƙwabcina na bayan katanga, ya aiko da cinya guda. Saudatu ta karɓa ta yi godiya. Ni ina zaure riƙe da takarda, ko layi ɗaya ban karanta ba.

Laraba, 20 Afrilu

Na sayar da keke. Na ce wa ƴan biro likita ne ya ce in riƙa tafiya da ƙafa.

Juma'a, 6 Mayu

Bango ya bushe, an jera azara, an shimfiɗa zana a kai. Ƙasar rufi kwananta uku a jiƙe, tudu guda a tsakar gida. Danda ya ce rana ɗaya za ta hau, in aka zuba rabi yau rabi gobe wurin haɗin zai tsage, ruwa kuma nan zai bi. Mutum ashirin yake so ko fiye.

Rediyo ya tafi jiya, ya zama hatsi da akuya. Na sa mai shela ya zagaya unguwa, na ɗauki mai ganga. Saudatu na daka tun safe, hannunta duk ya yi ja.

Na kuma ba direban kamiyon kasuwa saƙo zuwa Issawane: ɗaki ya ƙare, ƴan unguwa sun taru sun rufa shi, a kawo Inna. Gobe i yanzu ai gaskiya ne.

Asabar, 7 Mayu

Ba su zo ba.

Mai ganga ya fara tun rana ba ta yi zafi ba. Ni na sa farar riga na tsaya ƙofar gida don tarbar mutane. Suna ta wucewa. “Sannu da aiki, Mushe.” “Allah ya taimaka, Mushe.” Kowa da fara'arsa, kowa ya yi gaba. Danda na saman bango zaune yana kaɗa ƙafa.

Da hantsi aka kawo saƙo daga gidan Ƙadri: goro goma cikin ganye, wai a yi haƙuri, uzuri ya taso. Can sai ga na gidan Tanko mahauci, goro goma. Sai na wani. Kafin azahar gida goma sha ɗaya sun aiko, har Saudatu ta kawo tasa ana zubawa. Ni kuwa sai godiya nake, kamar wawa, ina cewa a gaishe su.

Mutum ɗaya ya shigo, tsoho Gidaɗo da ko sandarsa da ƙyar yake ɗagawa. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya yi addu'a ya tafi. Mai ganga ya gaji ya nemi sallama.

Tuwon mutum talatin. Saudatu ta zuba cikin akussa ta raba gida-gida, gidajen da ba su zo ɗin ba. Na ce ta bari. Ta ce, “In bari ya lalace? Akuya guda ce a ciki.”

Lahadi, 8 Mayu

Na tare Danda na ce ya faɗa mini abin da na yi wa mutanen nan. Ya daɗe yana tauna goro, cikin goron jiya ma.

“Shekararka nawa a unguwar nan?”

Na ce tara.

“Gayya nawa ka je?”

Na ce, Baba Danda, ba a taɓa kiran gayya ban aika da goro ba. Ko sau ɗaya ban yi fashi ba, a tambayi kowa.

Ya ce, “To, ai sun aiko.”

Ya ce ba gaba suke da ni ba, abin da na ba su ne suka mayar. Raina ya ɓaci. Ni da nake wuni a biro, so suke in tuɓe wando in shiga taɓo, gobe kuma su zo gabana da buhunansu in auna musu gyaɗa? Wa zai ji maganata a bakin ma'auni? Ban faɗa wa Danda haka ba. A nan nake faɗa.

Alhamis, 12 Mayu

Na nemi ƴan ƙodago. Samari rabi ba su dawo daga cin rani ba, waɗanda suka dawo suna sharar gona. Biyar na samu, abin da suka yanka ko rabinsa ba ni da shi. Ƙasar kuma ta bushe ta zama dutse, sai an sake sayen ruwa.

Saudatu ta sauko da kwanonin jerenta ta tara gabana, ta ce in kai kasuwa. Na daka mata tsawa. Ba ta yi mini komai ba, baiwar Allah, amma ita na samu.

Lahadi, 15 Mayu

Na rufe ƙofar gida, ni da Danda muka gwada mu biyu. Ko kusurwa ɗaya ba mu rufe ba. Ya ce asarar ruwa ce kawai. Yana da wani aiki a Urafane, ya tafi, ya ce in na sami mutane in aika.

Laraba, 18 Mayu

Na je tasha in aika a dakata da kawo Inna. Direban ya ce ai tuni, Uwani har ta ɗaure mata kaya, ranar Lahadi za su biyo shi. Na juyo gida ban ba shi saƙon ba.

Da la'asar hadari ya taso gabas, ya watse. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah ya jinkirta ruwa ba. Astagfirullah.

Lahadi, 22 Mayu

Inna ta iso, da ƙullin kaya ɗaya da buta. Ta rame. Tana shigowa ta ce a kai ta ta shafa ɗakinta. Na ce ƙasar ba ta gama bushewa ba, danshi zai kama mata ƙirji, ta zauna da su Saudatu kwana biyu. Ta ce to. Uwani ta ɗaga kai ta ga rana na ratsa zana ta faɗo cikin ɗakin, ta dube ni. Ta koma da kamiyon yamma.

Litinin, 23 Mayu

Yau na so ƙasa ta buɗe.

Bayan la'asar mazan unguwa suka shigo gaida baƙuwa, su bakwai, Ƙadri a gaba. Aka shimfiɗa musu tabarma, ɗakin na tsaye bayansu babu rufi. Suka gaisa. Sai Inna ta ɗaga hannu biyu ta ce, “Ɗiyana, an faɗa mini abin da kuka yi. Kun bar aikinku kun rufa wa makauniyar da ba ku sani ba ɗaki. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira.” Ta yi ta yi, tana sa wa ƴaƴansu albarka, har da hawaye.

Ba wanda ya ɗaga kai. Tanko na ta murza bakin rigarsa. Ƙadri ne ya ce, “Amin, Inna,” a hankali, sauran suka bi. Ba su tona ni ba. Da sun tona ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 27 Mayu

Iska, sannan yayyafi, bai kai na shuka ba. Amma kan bango ya jiƙe, kusurwar arewa ta zube kamar faɗin hannu biyu. Na tsaya a cikin ɗakin ruwa na ɗiga a kaina. Ruwa ɗaya na gaske, azara za ta zauna ƙasa, da keken da ragon da komai. Sannan Inna ta yi damina a matse tsakanin yara, ana tsallake ta ana zuwa fitsari.

Ban san abin yi ba. Wallahi ban sani ba.

Asabar, 28 Mayu

Na faɗa mata. Tana zaune bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na faɗi duka, har goron.

Ba ta daina ɓara ba. Ta ce ranar da ruwa ya taɓa zana ta ji ƙarar, ta san babu ƙasa a kai. Amma ta ce tun kafin nan jikinta ya ba ta. “Kwana shida ina zaune nan ina saurare. Ana kiran matarka ta kan katanga, a ara turmi, a ara gishiri. Ana kiran yaran. Kai ban ji wanda ya kira sunanka ba. Sai dai Mushe, daga ƙofar gida, kamar wanda ya zo karɓar haraji.”

Na ce aikin biro ne, Inna. Ta ce, “To.” Ta miƙo mini gyaɗa.

Litinin, 30 Mayu

Mai shela ya wuce. Gobe gayyar Ƙadri, zai sake ƙasar rufin zaurensa. Saudatu ta tambaya ko ta sayo goro. Na ce ta ƙyale ni.

Talata, 31 Mayu

Na aika biro cewa kaina na ciwo. Babu wani aiki dai yanzu, kaka ta wuce.

Na je. Ba don komai ba, zama ne ya ishe ni. Na sa tsohon wando na tsaya gefe, ba wanda ya ce mini shigo, ba wanda ya ce tafi. Na ga kwando a ƙasa na ɗauka. Na farko ya kife mini a wuya, taɓo har cikin kunne, suka yi dariya har mai ganga ya rasa kiɗa. Tanko ya ce, “A auna wannan, kilo nawa ya zubar?” Na ce a rubuta a kan sunansa. Suka ƙara fashewa. Wani ya naɗa mini gammo ya ɗora mini a ka, ban ma ga ko wane ne ba.

Mun gama kafin la'asar. Na ci tuwo a akushi ɗaya da mutum biyar. Ba wanda ya yi zancen ɗakina, ni ma ban yi ba. Bayana kamar an yi mini duka, alƙalamin nan ma da ƙyar nake riƙe shi.

Gabas ta yi baƙi tun yamma. Wataƙila gobe a tashi da shuka, kowa ya nufi gona, shi ke nan.

Ina wanke ƙafa kafin magariba, sai na ji murya ta kan katanga. Ƙadri ne.

“Mutari. Kai Mutari. Ƙasar taka a jiƙe take ko sai an jiƙa?”

Na ce sai an jiƙa. Ya ce in bar sayen ruwa, jakinsa na nan. Na ce to. Na ci gaba da wanke ƙafata.

Inna na bakin ƙofa. Ta juyo da kunnenta wajen katangar, ta bar shi haka har ya tafi.