Kwamfutar da ta ƙi cajarta

Isa, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Jibrilla,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Kumasi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka cikin nemanka. Mu nan gida lafiya lau, sai gajiya. Inna tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ke tasar mata jefi-jefi. Na yi ta neman ka a waya, sabis ɗin garinmu ya ƙi, shi ya sa da na ji Illo direba zai yi lodi zuwa wajenku na ce bari in rubuta.

Labarin damina ba daɗi, Yaya. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, kamar dai bara. An fita roƙon ruwa, hadari ya haɗu, iska ta kwashe shi. Abin da Kawu Na'Allah ya ɗauro mana daga gonar Tozai bai cika amalanke ba, dawa kuwa a tsaye ta bushe. Don haka kwamfutar nan da ka aiko min bayan rasuwar maigidana, ita ce gonarmu bana. A ɗan shagona na bakin kasuwa nake buga wa mutane takardun neman aiki da katin suna da tambayoyin jarrabawa, da shi muke awo.

To ita ce ta kawo ni. Kwanakin baya na jona ta da safe, sai ta fito da wani rubutu wai ba ta gane wagga caja ba. Cajarta ce fa, wadda ka haɗo ta da ita. Kwamfutar tana kawo wuta, amma batir ba ya ɗaukar komai, ga nauyi kamar an ɗaure mata ƙafa. Ka san daga solar maƙwabcina nake jan wuta, kuma da ya kunna firji sai tawa ta ɗauke. Da can batir ke riƙe ni. Yanzu wuta na ƙiftawa sai fuskarta ta yi baƙi, abin da na buga ya tafi.

Babu abin da ban gwada ba. Na canza soket. Na cire batir na danne makunni na daɗe, na mayar. Na naɗa auduga a tsinken ashana na share ramin cajar, ƙasa ta fito, na yi murna, na jona, rubutun nan ya sake fitowa. Na aro cajar wani ma'aikacin asibiti, bakinta bai shiga ba. Wani ɗan kasuwa ya ba ni wata in gwada, ta shiga daidai, ita ma kwamfutar ta ce ba ta san ta ba. Daga nan na kai wa Halliru mai gyaran waya. Ya faɗa min gaskiya cewa shi waya ya sani, amma ya haska bakin cajar ya nuna min wata 'yar allura a tsakiya, ya ce da ita kwamfuta ke shaida cajarta, kuma tawa ta lanƙwashe. Ya miƙe ta da hantsaki. Ta yi aiki kwana biyu, ciwon ya dawo.

A wannan tsakanin Malam Maliki, shugaban wata makaranta da ya saba ba ni tambayoyin jarrabawa, ya zo karɓar aikinsa ya iske ban gama ba. Sau uku ina bugawa tana mutuwa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce yara ba za su jira ba, ya kwashi takardunsa ya kai wani shago. Da ya fita na rufe ƙofa na zauna, ban ma iya kuka ba.

Ranar Asabar na shiga motar Sakkwato, ka san halin hanyar nan, bakin kowa addu'a. Mai gyaran da aka kwatanta min ya buɗe ta, ya ce laifin biyu ne: allurar ta gaji, ramin cajar kuma ya saki daga ciki. Ya ce babu irinsa a gari, sai an aiko daga nesa, in bar masa kwamfutar, bai kuma san ranar isowarsa ba. Na ce in na bar ta me za mu ci. Na rungumo abata na dawo yadda na tafi.

Da na dawo ne na lura in na tura bakin cajar sama na ɗan karkata shi hagu, rubutun yana ɓacewa, batir ya fara ɗauka. Ina saki ya dawo. Na ɗaure da roba, na tokare da dutse, duk ya ƙi, sai dai hannu. Ni kuwa ba ni iya bugu da hannu ɗaya. Ina ba Inna labari sai ta ɗauki mayafinta ta ce mu tafi shago. Yanzu kullum tana zaune gefena bisa tabarma, tasbaha a hannun dama, caja a hagu. Ta ma fi ni sanin inda ake karkata ta. Bakin yana zafi, sai ta naɗe shi da gefen zaninta.

Abin da nake roƙo, Yaya, ka nemo min cajar kwamfutar ta asali da sabon ramin cajar, ka ba Illo in zai dawo. Na kwafe lambar da ke ƙarƙashinta a bayan takarda. In sun iso za ni koma Sakkwato a sa.

Ka gaida min Anti Fadima, da Atiku da Habi, Allah ya yi musu albarka. Kawu Na'Allah yana gaishe ka. Da na karanta wa Inna abin da na rubuta, ta ce in ƙara maka wannan da bakinta: "Kada ya wahal da kansa, ni ma na samu aikin yi." Na rubuta don ta ce in rubuta. Amma ni ke shafa mata man zafi a wuyan hannu in mun koma gida, kuma jiya da ƙyar ta riƙe ludayi. Don Allah ka gaggauta.

Allah ya sada mu da alheri, ya ba mu damina mai albarka baɗi.

Ƙanwarka,
Tani