Kujerar Girkin Inna

Yaya Rabi,

Sallama da gaisuwa. Ya maigidan, ya yara? Mu nan Kunci lafiya, sai gajiya.

Jiya aka ba mu hutun ƙarshen shekara. Tun da iska ta yaye rufin ajinmu, ruwa ya ruɓar da kujerun, kowa daga gida yake kai abin zama. Ni kujerar girkin Inna nake ɗauka kullum. Shekara guda a tsugune take tuƙa tuwo, ga ciwon gwiwa.

Na zo ta uku. Da na miƙa mata kujerar sai ta ce, "Ajiye ta, Hauwa. In na saba da zama, ya zan yi in kun koma?"

Ki gaida mutan gidan. Ki sa gwiwar Inna a addu'a, saura shekara biyu in gama makaranta.

Ƙanwarki, Hauwa