Na Sauya wa Mijina Gogen Kwamfutarshi Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida masu karatu manya da ƙanana. Don Allah ki ɓoye sunana da lambata, garinmu ƙarami ne, in aka ga suna kafin la'asar maganar ta kai kunnen Baba. Masu sharhi kuma ina roƙon ku, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci. Na san ban kyauta ba, ba sai an tuna mani ba. Rubutun ma ku yi haƙuri da shi, a firamare na tsaya, yadda nake magana haka nake rubutawa.

Ni matar aure ce a Jibiya, shekara tara da aure, yara uku. Ba ni zuwa ko'ina, daga ɗaki sai madafa, sai surutu da duk wanda ya shigo, ko kaza ce. Maigidana sana'arshi haɗa kiɗan da ake sakawa a bayan fim da wasan kwaikwayon rediyo, irin wanda in uwa na kuka a fim za ki ji goge na bin ta a hankali har ke ma ki fara share ido. Ba ya waƙa, ba ya zuwa gidan biki. A ɗakin zaure yake aiki, da babbar kwamfuta ta kan tebur da ɗan fiyano. Makaɗi ko ɗaya ba shi da shi. Duk gogen Turawan nan da sarewa da ƙahoni da manyan ganguna, sauti ne da aka naɗa a wata ƙasa ake sayarwa a dunƙule, su suna ce mashi laburare. Ka zuba shi a kwamfuta, ka danna fiyano da yatsa ɗaya, mutum talatin su ja goge tare.

Babana na cikin dattawan da tun da aka kawo shari'a suke tsayawa a kan hana kiɗa a unguwa. Da ƙyar ya ba shi aurena. A gaban waliyyai ya kafa mashi sharaɗi, ya ce, "Sana'arka tsakaninka da Ubangijinka ce. Amma ɗiyata ba za ta sa hannu a kayan nan ba." Maigidan ya ce ya ji, ya ɗauka, har da rantsuwa. To ban sa hannu ba, amma in na kai mashi abinci nakan zauna a tabarma ina tsince shinkafa ina saurare. Kuma Allah ya ba ni kunne. Daga tsakar gida nake gane babur ɗin kowane maƙwabci, in motar hatsi ta nufi iyaka ina gane da lodi take ko babu. Shi da kanshi yake mani tsiya, wai ina jin tafiyar tururuwa.

Wajen shekara uku da suka wuce na lura kunnenshi ya fara sauka. Buta na fito a kan risho, yana kusa da ita, bai ji ba. Ƙyauren zaure na ƙara kamar ana yanka akuya, ya ce shi bai ji komai ba. Maganar maza yana ji sarai, ƙaramar murya da siririn sauti ne suka fara ɓace mashi. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Abban Nana, ko za ka je Katsina a duba maka kunnen nan?" Ya ajiye cokali ya dube ni, ya ce, "Kunnen da nake ciyar da ku da shi?" Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Tun daga nan ban sake ba. Wa zai ce wa tela idonshi ya tafi?

Ana nan sai masu ba shi aiki daga Kano suka fara cewa sautinshi ya tsufa, suna son irin na finafinan waje. Manyan laburaren nan masu tsada ba namu ba ne, ko an ba mu kyauta kwamfutar ba za ta ɗauka ba, datar sauke su ma kaɗai ta ishe mu. Ya yi sati biyu yana bincike har ya tsaya a kan guda biyu. Ɗaya kyauta ne, ƙarami, goge ne kawai da sarewa da ƴan ƙahoni. Ɗayan na kuɗi ne amma an karya farashi, kayan kiɗa fal a ciki, ga hoto mai kyau, har da wani filogin da aka haɗo mashi, wato ɗan abin da ake ɗorawa a kan sauti ya ƙara mashi kaifi. Ya kira ni, ya ce, "Maman Nana, kawo kunnen nan naki." Ya kunna na kyautar. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Kina jin lokacin da gashin bakan gogen ya hau kan tsirkiya, kina jin mai sarewa ya ja numfashi, kamar suna cikin zauren. Ya kunna na kuɗin. Kamar ana kankare ƙanzo da cokali a tukunyar ƙarfe, da kukan sauro a sama. Na ce, "Ni dai na farkon ya fi kwanta mani." Ya yi dariya, ya ce, "Wannan da yake kamar an lulluɓe shi da bargo? Ji na biyun fa, ya fito tas. Abin kyauta ai kyauta ne." A nan na gane. Kaifin da ke huda mani kunne, shi ne kaɗai ke isa nashi. Na koma madafa. Ragon da muke kiwo a kan laburaren kuɗin nan ya tafi.

Aikin farko da ya yi da shi aka maido. Ina ji a waya daraktan fim ɗin na cewa, "Malam, gogen nan yana tsaga kai, matar da ke kuka ma ba a jin ta." Ya kashe wayar ya zauna yana kallon bango, abincin rana bai ci ba. Washegari Lahadi ce, ranar kasuwarmu, ya fita. Ni kuma na shiga zaure na rufo ƙofa. Shekara bakwai ina kallon hannunshi, Turanci ban iya ba amma na san kala, na san koren layi shi ne goge, shuɗi sarewa. Na cire na kuɗin na saka na kyautar da ke nan ajiye bai goge ba, na murɗa filogin ɗin ƙasa har kunnena ya huta. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na goge sunan na kyautar, na rubuta sunan na kuɗin a gurbinshi, harafi bayan harafi ina kwafa daga takardar da ya liƙa a bango. Na kuma yi haka a shimfiɗar da yake buɗewa duk sabon aiki. Shi mutum ne da in ya shirya abu sau ɗaya ba ya sake leƙa cikinshi, suna kawai yake dubawa a gefe. Da ya dawo ya kunna, ya ce, "Yau sifikar nan ta yi sanyi, wutar ce ba ta da ƙarfi." Ya ɗan taɓa wani wuri, ya tura. Kafin magariba daraktan ya bugo yana sa mashi albarka.

Na ce sau ɗaya ne. Shekara biyu ke nan. Kullum shi yana ƙara kaifi, ni in ya fita majalisa bayan la'asar in shiga in rage, da safe ya tura. Kiɗan nashi ne, ban taɓa canza mashi ko ɗigo ba, yadda yake jera sauti har yau ban ga mai yi kamarshi ba. Muryar kayan kawai nake gyarawa. Amma bari in faɗi abin da ya fi ba ni kunya, tunda ba ku san fuskata ba: ina jin daɗin aikin. Ina wanke-wanke ina ƙagara ya fita. In na ji kiɗan a rediyon maƙwabta sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina murmushi ni kaɗai. Sai in tuna Baba, in tuna rantsuwar da bawan Allahn nan ya yi, wadda ni nake karya mashi kullum bai sani ba. Wace irin mata ce ni?

Abin bai tsaya a gidanmu ba. Suna da guruf a waya na masu irin sana'arshi, duk wanda ya tambayi laburare mai araha da ya dace da ƙaramar kwamfuta, sai ya ce su sayi nashi, ga shaida nan a aikinshi. Kuma suna saye. Wani abokinshi, in kira shi Malam Sabo, ya taso takanas daga Katsina. Ina bayan ƙofa da kwanon fura na ji yana cewa, "Kai dai faɗa mani gaskiya. Na sayi abin nan da ka ce, nawa kuka yake kamar an taka wutsiyar kyanwa, naka kuma kamar a Makka aka naɗo shi." Maigidan ya ce, "Hannu ne, Sabo. Kaya ɗaya, hannu daban." Sabo ya ce, "To yanke mani hannun in tafi da shi, in ya so ka riƙe kwamfutar." Suka yi ta dariya. Ni kuwa sai na juya da furar na koma ciki. Mutanen nan masu iyali ne kamarmu, wa ya san abin da kowa ya sayar ya saya?

Yanzu ga inda na maƙale. Wani Alhaji a Maraɗi yana shirya dogon fim, ya ji aikin maigidan, ya ce lallai shi yake so, kuma ya je can su zauna da darakta sati guda ana yi ana gani. Maigidan ya ce zai ɗauko kwamfutarshi. Da na ji haka har na ɗan samu numfashi, na ce ko ba komai gogen kirki ne zai tafi da shi. Sai Alhajin ya ce, "A'a, kar ka wahala, ƴan duwan, kwastan ɗinmu, za su tsare ka da ita a iyaka har rana ta faɗi. Na tambayi sunan abin da kake aiki da shi, na saya sak, an zuba a tamu. Hannunka kawai muke so." Kun ji. Zai je ya zauna gaban baƙi, ya buɗe ainihin abin da ya saya, ya ƙara mashi kaifi yadda ya saba, ya juyo yana murmushi yana jiran yabo. Babu wanda zai shiga bayan la'asar ya rage. Ni da me zan bi shi? In ce wa Baba zan tsallaka Nijar yin me?

Tun da aka yi wayar nan yake cikin farin ciki. Ya kai shadda ɗinki, ya sa an aske shi, yana ce wa yara zai kawo masu tsarabar Maraɗi. Shekaranjiya na gwada wata dabara. Na ce, "Abban Nana, kunna mani tsohon aikin nan da aka maido maka, da wanda ka sake turawa, in ji." Ya kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ni har haƙorana suka amsa a na farkon. Na ce, "Wanne ya fi?" Ya kasa kunne sosai, ya sunkuyo kusa da sifika, ya ɗago ya ce, "Ai duk ɗaya ne. Mutumin nan dama rigima ce kawai yake ji a ranar." Ashe kunnen ya ƙara sauka, bambancin da yake ji a da ma yanzu ya ɓace mashi. Sai ya dafa kaina ya ce, "Ke dai ki yi ta mani addu'a, addu'arki ce ke tafe da ni." Na shige madafa na ce hayaƙi ne ya shiga mani ido, alhali ban kunna wuta ba.

In na faɗa mashi, abu uku zan ɗora mashi a zama ɗaya: kunnenshi ya tafi, matarshi ta yi shekara biyu tana yaudararshi, kuma ya tura abokanshi sun sayi abin da shi kanshi ba da shi yake aiki ba. Na san halinshi, ba ya kwana da rantsuwa a wuya, da ƙafarshi zai je gaban Baba ya ce alƙawari ya karye. Ban san da wane ido Baba zai dube ni ba, ban san ko maigidan zai sake yarda in kawo mashi ko ruwa zauren ba. In kuma na yi shiru, zai ji daga bakin baƙi a ƙasar da ba tashi ba, ba kowa nashi a kusa, kuma labarin zai riga shi dawowa Jibiya. Na yi tunanin in kwafa mashi na kyautar a ƴar filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi kaya, in ce ya tafi da shi ko da za a buƙata, to abin da ya kira bargo ne, ba zai buɗe ba sai na faɗi dalili. Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ya fasa tafiyar. Ƙarya ta nawa ke nan?

Motar da zai bi ranar Lahadi ce da safe, tela ya kawo shaddar, tana nan rataye a ƙusa. Ba ni da wata shaida da zan nuna mashi, domin ko na kunna mashi gaskiyar ba zai ji ta ba, bakina kawai zai ji. Ƴan uwa mata, da ku maza masu sana'ar hannu da kuka san ciwon abin, don girman Allah ku faɗa mani: in zaunar da shi kafin Lahadi, ko in tsaya a bakin zaure in ce mashi Allah ya kiyaye hanya? Me zan yi?